Injin da Na Rungume a Gulbin Wamakko

Ko na so in manta da ranar da na raka surukina sayen jirgin ruwa, ba zai yiwu ba, don har yau akwai masunta a Wamakko da in sun hango ni sai su buɗe hannuwa su rungume iska.

Ni bakaniken janareto ne da injin ban-ruwa, shagona yana Minanata. Surukina kuwa malami ne ɗan malamai, irin gidan da ko gyaran murya za ka yi sai ka tuna ko ka yi shi bisa ƙa'ida. Ya ba ni 'yarsa ba tare da wata gardama ba, amma tun daga ranar ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai "mai inji". Mai inji ya zo, a ba mai inji ruwa. Ba da raini yake faɗa ba, na sani. Ni dai abin yana yi mini ciwo, kuma na daɗe ina jiran ranar da zai ga cewa sana'ar nan tawa ita ma ilimi ce.

Ranar ta zo a ƙarshen wata damina. Baba, wato surukin nawa, yana da gona a ƙetaren gulbi, sai ya yanke shawarar sayen jirgi na hannu, a riƙa kamun kifi da shi, a kuma ƙetaro masa da shinkafa in an yi girbi. Wani mai suna Ishaya, tsohon direban ma'aikata da ya koma harkar ruwa, yana da jirage biyu na sayarwa, kowanne da injinsa. Baba ya aiko a ce in zo in duba masa. Na sa sabuwar shaddata (wa ke zuwa bakin gulbi da shadda? Ni ne), na ɗauki akwatin kayan aiki.

Jirgi na farko na katako ne, dogo, mai nauyi, duk jikinsa facin kwalta, an ɗora masa ƙaton inji mai ƙarfin doki arba'in. Na biyu na faiba ne, irin robar nan mai tauri, gajere, marar nauyi, da ɗan ƙaramin inji mai tsabta. Muka shiga kowanne, Ishaya ya zagaya da mu. Na katako yana tafiya a natse, ko shayi ka ɗora ba zai zube ba, sai dai ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa, injin kuma yana hayaƙi yana jijjiga har haƙoranka su haɗu. Na faiba kuwa bushe yake ƙayau, amma kowace 'yar igiyar ruwa sai ya mare ta, in mutum ɗaya ya gyara zama duk jirgin ya karkace.

A nan ya kamata in ce ga wanda ya fi, mu kama hanyar gida. Amma jama'a sun taru a gaɓa, ga Baba yana saurarona, baki kuma ya yi mini daɗi. Na cire fulogin babban injin na ɗaga sama kowa ya ga baƙinsa. Na kushe kafiretarsa, na kushe farfelarsa, na ce ko kyauta aka ba mu wahala muka ɗauka. Sannan na kawo abin da nake ganin hikima ce: ba a yi wa jiragen adalci ba, tunda kowanne da irin injinsa. Sai an musanya, a ɗora babban a kan na faiba, a nan za a gane laifin jirgi da laifin inji.

Masunta suka taya ni muka ciccibo shi muka rataya a bayan na faiba. Irin wannan inji maɗauri biyu ne ke riƙe shi, ana murɗa su har su ciji katakon bayan jirgi. Na murɗa da hannu, suka ɗan tafi suka tsaya, tsatsa ta ci su. Na haura gaɓa in ɗauko sifana in ƙarasa murɗa su da ita. Ina isa wurin akwatin, Baba ya ɗaga hannuwa ya fara addu'ar neman zaɓin Allah, kowa ya tsaya, har Ishaya ya cire hularsa. Ni ma na ɗaga nawa.

Da aka shafa, Baba ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya dubi jama'a ya ce, "Kun ga wanga? Ɗana na. Aikin da yak kama ba a bi mai baya." Sannan ya juyo gare ni. "Ka ɗamre komi da komi?"

"Na ɗamre, Baba."

Wallahi bakina ne ya faɗa, ni ban ba shi izini ba. Mutumin da aka kira ɗa yanzun nan, a gaban jama'a, ta yaya zai sunkuya ya ɗauki sifana? Na bar ta a nan cikin akwati na bi su.

Baba ya zauna a tsakiya, fuskarsa na kallon baya, wato yana kallona. Ishaya ya riƙe sandar tuƙi, ni na tsuguna gefen injin. Aka ja igiya ya tashi da ruri, na ga yana rawa a kan katakon, yana ɗan haurowa sama. Na zare takalmi a hankali, na rufa ƙafata da shadda, na gwada murɗa maɗaurin da babban yatsa (abin da hannu ya kasa). Ban samu komai ba sai ciwon farce. Sai kawai na durƙusa na rungume injin da hannu biyu, na manna kumatuna a murfinsa, na danna shi ƙasa da duk ƙarfina.

"Lahiya dai, maigida?" in ji Ishaya.

Na ce, "Bugunai nika saurare. Haka muka gane ciwon inji."

Ya gyaɗa kai cike da girmamawa. Murfin yana ƙona mini kunci, hayaƙi yana shiga hancina, ni kuwa na lumshe ido irin na mai zurfin nazari. Da a haka muka ci gaba, da wataƙila na tsira. Amma Ishaya yana son ya wanke injin da na kushe daga zargi, sai ya ce, "Baba, riƙe da kyau ka ga gudu." Ya murɗa totur har ƙarshe, ya karya kwana da jirgin.

Gaban jirgin ya ɗaga, injin ya fice daga mazauninsa. Ina da zaɓi biyu, in sake shi ko in bi shi. Na bi shi. Muka faɗa gulbi tare, rungume da juna, ban kuma sake shi ba sai da ruwa ya cika mini hanci na tuna ban iya iyo ba. Masunta ne suka zo da kwale-kwale suka jawo ni ta wuyan riga, suka shimfiɗa ni kusa da kwandon tarwaɗa. Hulata ta bi ruwa ta yi gaba abinta. Daga baya suka nutse suka ɗaura wa injin igiya, aka jawo shi yana aman laka. Baba kuwa da filafili ɗaya aka dawo da shi gaɓa, yana zaune yadda yake, carbinsa a hannu.

Gwaji ya ƙare a nan. Ba a jefa wa mutum inji a ruwa a ce masa an fasa, don haka Baba ya sayi babban, wanda na ce ko kyauta ba ma so, ya haɗa da jirgin katako.

A mota muna komawa Sakkwato, ina ɗigar ruwa a kujerar baya, har muka shigo gari. Can Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Tun bisa gaɓa nig ga ba ka ɗamre ba. Na ga ƙahwar taka kuma."

Na ce, "To Baba, mi yas sa ba ka hwaɗi ba?"

"Na riga na yabe ka gaban mutane. In kunyata ka kuma?"

Wato mu biyu muka sani, muka shiga ruwa muna kallon juna, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta kwandon tarwaɗa zafi.

Ni na kwance injin na busar da shi, yana nan yana aiki yana hayaƙinsa. Abin da na koya ba shi da yawa: in an yabe ka a bakin gulbi, ka yi godiya, ka ce a ɗan dakata, ka je ka ɗauko sifanarka. Baba bai fasa kirana gyara ba. Sai dai duk sanda na gama, yakan ce in shiga ciki in sha ruwa, in na leƙo ta taga sai in hango shi tsugune yana gwada kowane noti da na ɗaure, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ba na fitowa sai ya miƙe.