Turaren Wutar Da Na Yi wa Ƙudajen Dakta

Makona biyu da kama aiki a ɗakin binciken wata jami'a a Jidda, na yanke hukuncin cewa wurin yana wari. Ƙananan ƙudajen ayaba ake kiwo a kwalabe, Dakta Usman, Bahaushen Sudan, yana nazarin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa samuwar maniyyin mazansu. Ni kuwa 'yar Maiduguri ce, ba na zama da wari. Ranar Alhamis na cika kasko da turaren wuta, na rufe ƙofa, na tafi ina jiran yabo.

Ranar Lahadi Dakta ya tarar da mazan da ya yi wata huɗu yana zaɓa duk sun mutu.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Amma wallahi da ƙamshi suka tafi."

Har yau in ƙuda ya shigo ofis, sai Dakta ya ce masa, "Yalla, gudu, ga Hajiya nan!"