Yaƙin Igiyar Shanya da Rigar Malam Ɗayyabu

Da sunan Mai juya zamani muke buɗe tarihin Malam Ɗayyabu ɗan Ilu, jikan Barau Karya-Garkuwa, tattaɓa-kunnen wanda aka ce ya taɓa riƙe wa wani jarumi linzami; gagarabadau, bajimin alli da allo, mai koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa a wata jami'a, sultanin ɗaki na huɗu a gidan hayar bayan kasuwa.

Gidan nan ɗaki bakwai ne, daula bakwai, ba sarki a kansu, don mai gidan yana can Ikko. Amma akwai dokar da ba a rubuta ba: igiyar shanya ɗaya ce, kowane ɗaki da ranarsa, kuma duk wanda ya ga hadari sai ya kwashe kayan kowa, har na abokin gabarsa. Abin da Malam ke koyarwa ke nan a aji, cewa ƙasashe ko ba mai mulkinsu al'umma ce da al'ada ta ɗaure. Sai dai bawan Allah ya ɗauka zancen na manyan dauloli ne, ba na su Iya Risika mai ɗaki na biyu ba.

Ranar Laraba da la'asar zai gabatar da maƙala gaban shehunan malamai, ƙarin girman da ya shekara shida yana jira na rataye a kanta, farar babbar rigarsa kuwa ita ce tilo. Ya wanke ta da hantsi. Ranar kuma igiya ta Iya Risika ce.

Sai sadauki ya fito da bokiti a hagu, azama a ƙirji, ya tattare zannuwan Iya gefe guda kamar ganima, ya baza rigarsa daga wannan bango zuwa wancan, ya yi shela: "Rigar nan ƙasa ce mai cikakken 'yanci! Kada hannun kowa ya taɓa ta, ko sama za ta faɗo!"

Iya Risika ta dube shi ta ce, "To, Malam. Mun ji."

Da azahar yana ofis hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Gwarzo ya zabura, ya keta rundunar masu acaɓa da suka fake suka ƙi ɗaukarsa, ya tsallake kwata uku, ya bar takalmi ɗaya shahidi a ta huɗu, yana kururuwa, "Rigata, jama'a, rigata!"

Ya tarar da igiya fayau, an kwashe komai har tsumman goge-goge. Rigarsa kaɗai iska ta kayar cikin taɓo, dauloli shida na tsaye a inuwar kwano suna kallonta cikin ladabi. Wallahi ya ba ni tausayi.

"Iya, ba wanda ya ɗauke ta?"

"Malam, kai ka ce kada a taɓa. Mu nan gidan ba ma karya doka."

Ta dai shiga ɗaki ta ara masa rigar mijinta, wanda Allah bai ba tsawo ba. Da ita ya tsaya gaban shehunai, hannun riga na neman gwiwar hannu, ya yi awa guda yana bayanin yadda ƙasashe ke mutunta hurumin juna. Maƙala ta karɓu, aka tafa.

Da ya dawo gida, ya iske dauloli shida sun zauna taro sun sa masa takunkumi: wata guda ba shi ba igiya. A kan tagarsa mai nasara ya riƙa shanya singileti.