Hotunan da Na Ɓoye a Hammata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Malama Saratu bankwana ba. Ko na so in manta, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Ƙanin mahaifiyata, Kawu Bala, gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwar Birnin Gwari, amma ransa yana kan tsofaffin kyamarori, irin waɗanda ana dannawa sai su turo hoto ta baki. Ya jera su a kanta kamar kwanukan amarya. Akwai baƙa mai ƙaton goshi, akwai mai naɗewa, akwai wadda ya ce da ita ya ɗauki sawun giwa tun lokacin da ake shiga daji ba fargaba. Takardar hoton kuwa sai an dace wani ya taho da ita daga Kaduna, don haka a firji yake ajiye ta, kusa da kunun aya, kuma ba mai taɓawa.

Ni a aji ba na magana, kallo ne aikina. Na san mai tauna murfin biro, na san Malama Saratu da bayan hannu take gyara tabarau saboda alli. Ita ce ke koya mana kimiyya, ta yi ritaya za ta koma garinsu a kudancin Kaduna. Shekara da shekaru ban taɓa iya buɗe baki na gode mata ba, sai na ce to, hoto ya yi maganar a madadina.

Da ƙyar Kawu ya yarda ya ara mini ɗaya. Ya ɗura takardun da suka rage masa, ba su kai goma ba, ya ce, "To Uwata, saurara da kyau." (Sunan kakata aka sa mini.) Ya yi dogon bayani. Ina ta gyaɗa kai, amma a zuciyata na riga na isa makaranta ana tafa mini. Abu ɗaya na ji: danna jan maɓalli.

Ladi kawai na faɗa wa, aminiyata, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin a tashi tara har mai sayar da awara a bakin ƙofa ta sani. Ina tafe kyamara na lilo a wuyana, ƙananan yara na bi na a baya, ni da ko sunana ba su sani ba jiya. Wallahi daɗi kamar in yi tsalle.

Bayan jawabai aka jeru a gaban aji, rana ta take. Malama a tsakiya da sabuwar atamfa, shugaban makaranta a gefenta da babbar riga, kowa ya washe haƙora. Na danna. Kyamara ta yi walƙiya, ta yi gurnani, ta turo takarda. Na zare, na duba.

Babu kowa. Toka-toka kawai, kamar bangon da aka shafa wa siminti.

"Ya fito, yarinya?" in ji shugaba.

"Gwaji ne, Malam," na ce. Na zura takardar cikin hijabi na maƙale ta a hammata.

Na sake dannawa. Babu kowa. Hammata. Na matsa kusa, na yi bismilla, na danna. Hammata. Ni da na saba da waya, inda ko hoton ya yi muni ai kana ganin muninsa. Na ce ko rana ce ta yi yawa, na sa aka koma ƙarƙashin darbejiya. Na ce ko inuwa ce, aka dawo rana. (Ni fa, wadda ba ta iya cewa "ina nan" in ana kiran suna, ga ni ina kora shugaban makaranta gaba da baya.) Hammatar hagu ta cika na koma ta dama. Hannayena suka manne da jiki kamar kaza mai kwanci, sai na riƙa ɗaukar hoton daga ƙirji.

"Ke, wai tawada ce ta ƙare?" Ladi ta ƙwala daga layin baya. "Mun gasu fa!"

Tana cikin magana na danna, hammata. Na sake dannawa, kyamara ta yi ƙyas, ba ta turo komai ba. Takardun Kawu sun ƙare.

Sai kawai na fashe da kuka a gaban makaranta duka. "Malama, ki yafe mini, ta lalace, ko ɗaya bai kama ba!"

"Haba 'yata, zo nan," ta ce, ta buɗe hannu. Na manta da komai na ɗaga nawa.

Takardun suka zubo a ƙafar shugaba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu, don da ɗumi take, da ɗan danshi kuma (kada ku tambaye ni). Ya ɗaga tabarau ya ce, "Wannan ba ni ba ne?"

Duk sun fito, tar da su. Ashe abin 'yan mintuna yake buƙata, kuma a wuri mai duhu da ɗumi ya fi fitowa. Wato abu ɗaya da na yi daidai a ranar, ban san na yi shi ba.

Ladi ta jera su a kan benci aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na farko kowa na murmushi. Na gaba murmushin ya fara tsami. Can shugaba yana hamma har ana hango dasashi. Na ƙarshe an yanke masa kai ɗungurungum, rabin aji sun haɗe rai, Ladi baki buɗe tana yi mini tsawa.

Na tsinto na farkon na miƙa wa Malama, kaina a ƙasa. Ta mai da shi, ta ɗauki na ƙarshen.

"Waɗancan masu murmushin ban san su ba," ta ce. "Waɗannan ne na koyar."

Ta sa shi a jaka, ta share mini hawaye da gefen gyalenta. Godiyar dai ban faɗa ba, majina ta hana.

Yanzu in babba ya ce in saurara da kyau, sai na sa ya maimaita. In kuma ina ɓoye wani abu, duk daɗin mutum, gaisuwa daga nesa ta isa.