Ranar da Na Kashe Gwaram Sau Uku

Daga kujerata a Birnin Kudu nake juya manyan kwamfutocin ma'aikatarmu huɗu da kibod ɗaya da linzamin kwamfuta ɗaya. Kowacce da lambarta: ɗaya ta gwaji ce, ɗaya kuma da ita reshenmu na Gwaram ke aiki. In danna lamba, in shiga wadda nake so, ina jin kaina matuƙin jirgin sama. Ran nan ta gwaji ta maƙale. Na kashe na kunna, ko gezau. Na maimaita har sau uku.

Hajiyar da ke kula da reshen Gwaram ta kira: "Malam, aikinmu ya ɗauke sau uku, ga mutane a layi."

Ina tsaka da yi mata lacca kan gyaran janareta, na ga ashe lambar Gwaram na danna.

Har yau ko wutar gari aka ɗauke, sai ta kira: "Malam, don Allah saki linzamin nan."