Ranar da Na Dirje Bindigar Kakan Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da satin da na fara aikin kula da tsofaffi a unguwar Flatbush, nan ƙasar Turawa. Yayata Hajiya Binta ce ta samo min, a gidan wani tsohon Bature mai shekara tamanin da ɗoriya. 'Yarsa ta ce gwaji ne na sati biyu, in na yi musu su riƙe ni. Tun daga unguwarmu Tremont Hajiya ke ja min kunne: "Ke dai ki nuna musu tsafta, kar ki ba ni kunya."

Tsohon nan ba shi da aiki sai tara tsofaffin bindigogin hannu, irin masu dogon baki da gidan harsashinsu ke juyawa. Goma sha ɗaya ne a kabad ɗin gilashi, kowacce a kan jan ƙyalle. Ba a harba su, kallo kawai. Amma duk sun yi baƙi ƙirin, wasu har da ja-ja kamar tsatsa. Na ce a raina, wayyo, bawan Allah ba shi da mai yi masa. (Ni da a gidanmu na Kano in tasa ba ta ɗauki ido ba, sai Inna ta sa a sake wankewa.)

Ran Laraba ya fito da ɗaya yana dubawa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi asibiti, ya bar ta a kan tebur. Ni kuwa hannuna ba ya zama. Na yanka lemon tsami, garin nan babu toka sai na ɗebo hodar wanke tukunya, na haɗa da soson ƙarfe. Awa biyu ina dirza. Wallahi sai da na ga fuskata a jikin ƙarfen. Har hoto na tura wa Hajiya, ta ce, "Madalla, 'yar halak!"

Da suka dawo na tsaya a gefe ina jiran yabo, har da ɗan sunkuyar da kai. Tsoho ya ɗauka, ya juya, ya sake juyawa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. 'Yarsa ce ta dafe kai, ta ce masu tara irin wannan kaya baƙin nan suke nema, shi ne shaidar shekarunta, wanda ya goge ya kashe ta. Shi kuwa ya nuna wajen riƙo, inda na fi ba wa ƙarfi, ya ce a hankali: "A da nan akwai wani duhu. Wurin babban yatsan kakana ne. Mahaifina ma nan yake riƙewa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Don ruɗewa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai zai dawo, Baba." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙwarai kuwa. Nan da shekara ɗari."

Ba su kore ni a ranar ba, mutanen kirki ne. Sai da sati biyun ya cika aka yi min godiya, aka karɓi makulli. Har yau in na tuna fuskar tsohon nan sai na ji ba daɗi.

Yanzu ina aiki a wani gida a unguwar Soundview, kuma na koyi hankali. Ko yanar gizo-gizo na gani a lungu, ba na taɓa tsintsiya sai na tambaya ko ta gado ce.