Rasuwar Tsohuwa, Sabar Ofishinmu, Wadda Kulawa Ta Yi wa Yawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, nake sanar da abokan aiki rasuwar Tsohuwa, sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan kamfaninmu. Ta cika a ɗakinta na ƙarƙashin bene, kusa da bokitin mai shara.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman komai ba sai wuta da iska. Iyakar maganarta "wuuu", in aiki ya yi yawa ta ƙara da "ƙit-ƙit". Albarkacin lafiyarta Oga ya yarda in riƙa kula da ita daga gida tunda na haihu, da sharaɗin kada a ji ta yi ko tari.

Ciwon ma ba nata ba ne. Manhajar da direbobinmu ke duba odar kaya ce ta fara nawa. Ni kuwa mace ce da ke kai yatsa hancin jaririnta don ta tabbatar yana numfashi. Sai na umarci Tsohuwa ta rubuta duk tambayar da manhajar ta aiko mata, babba da ƙarama, har da gaisuwa, ko na gano inda cutar take. Niyyata in kashe rubutun bayan na shayar da yaro. Yaro ya yi amai, na yi wanki, maƙwabciya ta shigo. Baiwar Allah ta yi ta rubutu cikin biyayya har cikinta ya cika, numfashi ya tsaya.

Ta rasu ta bar manhaja marainiya, da direbobi zaune a inuwa, da kwafin bayananta na ajiya da ba wanda ya taɓa gwada buɗe shi. Cutar da na je nema kuwa tana nan garau, tana gaishe ku.

Za a yi jana'iza ranar Litinin a ofishin Oga, bayan mai gyara ya duba ko kwafin zai tashi. In ya tashi, ina gida da ɗana. In ya ƙi, zan dawo teburina, kuma duk mai zuwa ta'aziyya ya wanke hannu, don goyo za a miƙa masa.