Ranar da Na Kusa Yaye Jikana

Ba zan taɓa mantawa da tsiyar da na tafka wa matar ɗana ba. Sunanta Hadiza, shekararta goma sha takwas, tana goyon ɗanta na fari ɗan wata tara.

Ni kuwa duk layin masu kifi a kasuwar Malanville an san ni da gane ciki tun kafin mai shi ta sani (ko dai ni ce nake faɗin haka). Sai na lura Hadiza ta yi kumatu, ƙarnin kifi yana tayar mata da zuciya, kullum ciwon kai, ga wata huɗu ba ta yi fashin salla ba. Na ce shi ke nan, kwanika! Ciki a kan goyo. A wajenmu kuwa nonon mai ciki ba ya shayuwa, yaye ake yi nan take.

Ban tambayi kowa ba. Na ƙulle kayan yaron, na aika wa yayata a Guéné cewa ga ɗan yaye nan tafe. Hadiza sai kuka take, kunyar suruka ta hana ta buɗe baki. Da kukan ya ishe ni na ɗora ta a kabu-kabu da yaron a bayanta sai asibiti, wai a tabbatar mata.

A gaban matan da suka cika benci na ɗaga murya na ce wa ungozoma: "Madam, ku auna ta, ciki gare ta!"

Ungozomar ta auna, ta fito, ta ɗage hannun rigar Hadiza, ta ɗora yatsana a damtsenta. Na ji wani abu kamar tsinken ashana ƙarƙashin fata.

"Inna, babu ciki. Wanga na tazarar haihuwa ne, ita da mijinta sunka zo anka sa. Shi ka kawo ƙiba da ciwon kai, wasu jinin ya ɗauke. In ya dame ta mu canza mata wani. Ta ce mini har kin ƙulle kayan yaye. Wa ya ce a yaye yaro?"

Duk benci ya juyo yana kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma wallahi wani sanyi ne ya ratsa ni da na ga yaron ya cafki nonon uwarsa a nan inda muke.

Yanzu in na ga mace ta yi ƙiba, sai in ce Allah ya ƙara lafiya, in ja bakina.